Na Zaɓi Injekta, Baba

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Inna, ta fara takawa? A gaida Auta.

Ni lafiya lau nake. Ɗakina na bayan gareji yana ɗan yoyo, amma na ja katifa gefe, kada ku damu.

Mai gareji ya faɗaɗa injin wata tsohuwar mota don ƙarin ƙarfi, sai ya ce mini, "Dogo, kafireta za mu mayar mata ko injekta? Kai za ka zaɓa. In ta yi kyau ka zauna da mu, in ta ƙi ka nemi wani wurin."

Baba, na san kai da kafireta sai Allah, a kanta ka koya mini aiki. Amma mai motar kullum hawan dutse yake yi, ga sanyin safiya. Kafireta ba ta gyara kanta in iska ta canza, injekta kuwa tana auna mai daidai. Na ce injekta ba inda-inda.

Jiya muka gwada. Bugu ɗaya ta tashi, ta haye dutsen ko tari babu. Da muka dawo sai mai gareji ya miƙo mini makullin gareji kawai.

Kada ka ji haushi. Kafiretar na wanke ta tas na naɗe, ita ce tsarabarka.

A ci gaba da sa mini albarka.

Ɗanka,
Dogo