Farin Wardin Mama da Kajin Nicanor

Litinin, 7 ga Oktoba, 1968

Farin wardin da Mama ta dasa ya kai bakin rufin kwano. Duk abin da ƙasidar lambu ta faɗa game da irinsa gaskiya ne: ƙaya kaɗan, ƙamshi mai ƙarfi, yana jure inuwa, yana rufe katanga mai muni. Zai yi fure daidai Ranar Matattu, farkon Nuwamba, lokacin da kowa ke kai fure kabarin nasa. Tun da ta rasu ban kai wa kabarinta wani fure ba sai nasa.

Asabar, 12 ga Oktoba

Tururuwa masu yankan ganye. Da safe na tarar sun tsiraita reshen gabas. Na murƙushe su da dugadugi har takalmina ya yi santsi.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na zuba tafasasshen ruwa, na barbaɗa farar ƙasa, na shafa kwalta a gindi. Ba su fasa ba. Raminsu yana bi ta ƙarƙashin katanga zuwa gidan maƙwabcina Nicanor, amma ya hana ni shiga in haƙa. Ya leƙo yana dariya: "Don Hilario, karanta musu ƙasidar mana, ko sa tuba!"

Asabar, 19 ga Oktoba

Ƙasida ta ce a zuba kananzir a ramin. Ba ta ce ashana ba. Wannan ni na ƙara.

Ƙasa ta yi gurnani, wuta ta ɓullo ta ɗaya bakin ramin, cikin akurkin Nicanor. Kaji suna gudu da wuta a bayansu. Nicanor ya tsallako katanga da adda yana ihu: "Ɗan banza! Furen uwarka ya fi abincin 'ya'yana?" Ya kama saran wardin, reshe bayan reshe, kamar mai yanka dawa. Na ɗauki shebur. Na ji ƙarar ƙashin hannunsa, kuma ban tsaya a bugu ɗaya ba. Dole in rubuta wannan yadda yake: ban tsaya ba.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ban je coci ba. Warin ƙonannen gashi bai bar tsakar gida ba.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Kututture kawai ya rage. Ƙasida ta ce tsohon wardi yakan sake toho. Ba bana ba.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na kai wa Mama rawayen furen kasuwa, irin na kowa. Na cire ciyawa, na yi wa kabarin fenti. A layi na gaba na ga Nicanor, hannunsa na dama rataye a wuya, yana fama da buroshi da hagu a kan kabarin ubansa, fenti yana zuba masa a wando. Ya dube ni ya ce, "Ka zo ka ƙarasa ɗayan hannun ne?"

Na karɓi buroshin, na ƙarasa masa fentin kabarin. Fentina ne ya rage, kuma zubar da shi ɓarna ce. Ba wani abu ba.