Bindigar da Na Ƙera a Gorton

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Ni ne Gafaru ɗan Ziblim maƙeri, haifaffen zangon Kumasi, mazaunin Gorton a Manchester. Da hannuna nake rubuta wannan, hankalina garau, ba wanda ya tilasta ni, ba kuma magani ne ke magana ba. Jikin ne ya gaji. Likita ya nuna mini hoton huhuna, GP, likitanmu na unguwa, shi ma ya daina kewaye-kewaye, ni kuwa na gane. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, manzonsa ne. A kan haka na rayu, a kansa nake roƙon in cika.

Zuwa gare ku ku biyun da kuka rage mini: Mubarik, babban ɗana da ke Sparkhill a Birmingham, da ƙanwarsa Nusrat da ke nan kusa da ni.

Na ɗaya. Kada a kai gawata Ghana. Dangi za su kira ku, za su ce uba a ƙasarsa ake binne shi. Ku ba su haƙuri. A sa ni a maƙabartar da mahaifiyarku Sherifatu take, inda ƙaninku Imran yake. Kada a jinkirta don jiran wani.

Na biyu. Gida da abin da ke banki, liman ya raba muku yadda shari'a ta ce. Ba na tsoron ku a kan wannan, ba ku taɓa zama masu kwaɗayi ba. Zannuwan mahaifiyarku da ke cikin akwati a ba jikokina Widad da Amal idan sun girma.

Na uku shi ne bindigar. A nan zan daɗe, don ita ce ta raba ku, kuma akwai abin da ba ku sani ba.

Kakanku Ziblim mafarauta yake ƙera wa bindigar toka, doguwa, irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da sanda. Bututun sitiyarin tsohuwar mota yake samu ya mai da shi bakin bindiga. Ina yaro na ja masa zuga-zugi, amma na ƙi sana'ar. Na koyi kanikanci, na zo ƙasar nan, na ƙare ƙuruciyata a ƙarƙashin motocin bas. Har kakanku ya rasu ban ƙera bindiga ko ɗaya ba.

Cikinku Imran kaɗai ne yake tambayata labarin maƙera. Bayan ya gama jami'a, yana zaune a Fallowfield, ya gano cewa akwai Turawa masu kulob da suke ƙera irin waɗannan tsofaffin bindigogi da hannu, suna harbin takarda, doka kuma ta yarda. Wata Asabar sai ga shi ya shigo da wani dogon katako a kafaɗa, yana dariya. Ya ce, "Baba, da ƙyar direban bas ya bar ni na shiga da shi. Wannan ƙotar bindigar ce. Kai ka san aikin hannu, ni na san paperwork. Mu yi wa Kaka ɗaya." Na ce masa sai na yi ritaya.

Bai kai ritayata ba. Kun san ranar. Bayan la'asar ya fita sayo abinci, wasu samari a kan babur suna neman wani daban, harsashi ya same shi yana tsaye a layi. Har yau ban san fuskar wanda ya harba ba.

Katakon ya zauna a saman wardrobe shekaru. Mahaifiyarku ba ta yarda a jefar da shi ba, ba ta yarda a taɓa shi ba, sai dai ta hau kujera ta goge masa ƙura. Da ita ma ta tafi, na yi ritaya, gidan ya yi shirun da ban san irinsa ba. Ina tashi da asuba ba inda za ni. Ran nan na sauko da katakon.

Ban yi komai a ɓoye ba. Injiniya Bara'u, mutumin Zariya, maƙwabcin Mubarik, ɗan irin wannan kulob ne, a masallacin Stratford Road muka saba. Shi ya nuna mini hanya. Na nemi lasisi, 'yan sanda suka zo suka duba gida, aka kafa akwatin ƙarfe a bango. Bakin bindigar sayensa na yi wurin maƙeri mai izini, don a nan ba a yarda da bututun sitiyari ba. Sauran duk hannuna ne, a shed, ɗan ɗakin aikin nan na bayan gida.

Aiki ne na mai haƙuri. Sai ka shafa wa ƙarfen baƙin hayaƙin kyandir, ka kwantar da shi a jikin katako, ka ɗaga. Inda ya bar baƙi, nan za ka kankare, ɗan kaɗan kamar ƙwayar farce. Ka sake shafawa, ka sake kwantarwa. Haka na ci hunturu guda, yatsuna na ƙagewa don sanyi, sai in sa su a hammata su dawo. Da na zo sassaƙa wuyan ƙotar, inda hannu ke kamawa, ƙarfen sassaƙa ya kuɓuce mini, katakon ya tsage. Na zauna ina kallon tsagin, na kasa tashi. Katakon da yaron nan ya ɗauko a kafaɗarsa, ba wani a duniya da zai maye shi. Bayan kwanaki na tuna yadda kakanku yake yi idan mafarauci ya kawo karyayyiyar ƙota. Na manne shi, na naɗe wurin da wayar tagulla, zagaye bisa zagaye. Duk wanda ya san aiki zai ga na sabon hannu ne. Haka nan take.

A cikin wannan aiki kika same ni, Nusrat. Kin kawo mini tuwon zafi da miyar ayoyo, ba ki gan ni a falo ba, kika zagayo baya. Kika tsaya a bakin shed da kwanon a hannu. Kika ce, "Baba, what is this?" Na fara yi miki bayani, kika katse ni. Kika ce, "Ni na shiga ɗakin nan a asibiti. Ni na ga ramin da ke ƙirjinsa. Kai ba ka gani ba." Kika ajiye kwanon a ƙasa kika tafi. Daga ranar ba ki ƙara shigo da yaranki gidan nan ba. Kina zuwa ki kai ni asibiti, ki tsaya a mota ki yi hon. Ban ce kin yi laifi ba. Ban kuma ce ni na yi ba. Abu ɗaya muka rasa, ke kika guje shi, ni na shiga cikinsa.

Da na gama, aka kai ta gidan gwajin bindigogi na Birmingham, inda suke cika ta da albarushi fiye da ƙima su tayar a bayan bango, su ga ko za ta fashe. Ba ta fashe ba, suka buga mata hatimi. Ranar na yi farin cikin da na daɗe ban yi ba, na ce yau ɗan Ziblim ya zama maƙeri da furfura.

Yanzu ga abin da ba ku sani ba. Bara'u ya kai ni filin kulob ɗinsu a bayan gari, ranar ana yayyafi. Na auna albarushi, na ɗura, na danna dalma da sanda kamar yadda na ga ana yi tun ina yaro. Na ɗora ta a kafaɗa, na ja kunama. Ta tashi. Hayaƙi fari ya rufe ni, ƙarar ta shiga cikin ƙashina. Abin da na zata zan ji shi ne maƙerar babana da safiyar Kumasi. Ba shi na ji ba. Abin da ya faɗo mini shi ne: wannan ce ƙarar ƙarshe da ɗana ya ji a duniya. Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. Bara'u ya je ya duba takardar ya dawo yana cewa, "Alhaji, ka samu fa, ka samu!" Da ya ga fuskata sai ya karɓi bindigar, ya wanke ta da kansa. Ya kai ni tashar jirgin ƙasa.

Ban sake harba ta ba. Na mayar wa kulob sauran albarushin, babu ko ƙwaya a gidan nan. Wani lokaci ina buɗe akwatin in shafa mata mai in rufe. Ban yi nadamar ƙera ta ba, don watannin da na yi a shed su ne kaɗai na ji kamar yana kusa da ni. Amma abin da na je nema ban samo ba. Ya kamata ki san wannan, Nusrat, kuma ba zan iya faɗa miki a mota ba.

Na huɗu. Ranar da na cika, lasisina ya mutu tare da ni. Kada ɗayanku ya buɗe akwatin ƙarfen, kada ya ɗauki bindigar ko don ya gani. Ku kira Bara'u, shi ya san inda makulli yake, ya san yadda za a sanar da 'yan sanda, shi zai ajiye ta bisa doka.

Na biyar. Mubarik, na san kana son ta. Ka ce za ka sa a toshe bakinta ka rataye ta a falonka, yaranka su san daga inda suka fito. Niyyarka mai kyau ce. Amma hukuncinta na bar wa Nusrat. Na san ba a yi wa magaji wasiyya sai da yardar sauran magada, to yardarka nake roƙo, ni ubanka, ina kwance. In ta ce a toshe a ba ka, ka karɓa. In ta ce a miƙa wa 'yan sanda su yanka ta gunduwa-gunduwa, a yanka, kada ka ce mata komai, kada ka ɗaure mata fuska. Ita ta ga abin da ni da kai ba mu gani ba. Ke kuma, Nusrat, ban sa miki sharaɗi ba, ban ce ki taɓa ta ba, ban ce ki kalle ta ba. Kada kuma ki bar ta don tausayina. A inda zan kasance, ba bindiga nake bukata ba, addu'a ce.

Na shida. Masabar kakanku, wadda na zo da ita daga Kumasi bayan rasuwarsa, taka ce, Mubarik. Ita ce gadon maƙera na gaskiya, da ita aka yi fartanya da lauje fiye da bindiga. Ƙarafan sassaƙa masu jan mariƙi na Bara'u ne, aro ya ba ni, a mayar masa, a kuma yi masa godiyar da ni ban iya yi ba.

Na bakwai, kuma shi ne ya fi yi mini nauyi. Ranar Babbar Sallah a gidanka, Mubarik, da maganar bindigar ta taso, ƙanwarka ta ce na manta yadda Imran ya mutu. Kai kuma ka ce mata, a gaban matarka da mijinta, "To wa ya aike shi sayo kazar?" Ina zaune na ji. Na ga ta tashi tana neman takalman yaranta. Tun daga nan ko gaisuwa ba kwa yi, sai ta bakina. Don kare ni ka faɗa, na sani, amma ba na son wannan kariyar. Ka je ka janye maganar. Ba ta waya ba, ba ta text ba. Ka shiga mota ka zo Manchester ka faɗa da bakinka, in ta rufe ƙofa ka sake dawowa.

Ke kuma 'yata, ki saurare ni. Kin aiki ƙaninki sayo abinci kamar yadda kowace yaya take aiken ƙaninta. Da ba ki aike shi ba, da ni na aike shi, ko mahaifiyarku. Kwanansa ne ya ƙare a wannan layin. Ban taɓa ɗora miki ba ko a cikin zuciyata, mahaifiyarku ma haka, ta faɗa mini kafin ta rasu. Ki sauke wannan kayan, kin ɗauka ya isa. Idan yayanki ya zo, ba sai kin yafe ranar ba, amma ki buɗe masa.

Mu biyar ne a gidan nan, ga shi za ku koma ku biyu. A ƙasar nan ba ku da baffa, ba ku da gwaggo. Idan ɗayanku ya kwanta asibiti, sunan ɗan'uwansa za a tambaya. Ku riƙe salla, ku koya wa yara Hausa ko da za su amsa muku da Turanci, ku riƙa ziyartar kaburburanmu tare.

Na yafe muku duk abin da kuka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Allah Ya yi muku albarka, Ya raya muku zuri'a, Ya tsare 'ya'yanku daga abin da ya sami ɗana. Allah Ya sa kada ɗayanku ya binne ɗansa.

Mubarik, kai za ka yi mini wanka, kai za ka sa ni a kabari. Idan an watse, kada ka kama hanyar Birmingham da ƙasa a hannunka. Ka wuce gidan ƙanwarka, ka cire takalmi, ka zauna har ta zuba maka abinci.

Mahaifinku,
Gafaru Ziblim

An karanta a gaban Injiniya Bara'u da limamin masallacinmu, sun kuma shaida.