Yaya Alhusaini, Na Ji Waƙoƙinka A Bakin Masu Su

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Yaya Alhusaini. Gaisuwa ce daga ƙaninka Sidi, daga nan gida Agadas. Na san ba amsa zan samu ba, amma maganar gita ce, kuma ban da kai babu wanda nake yin ta da shi.

Tima za ta yi aure bayan salla. 'Yarka da ka bari tana tatata, yau ita ke zaɓen atamfa, kuma mijin zaɓinta ne. Abu ɗaya ta roƙe ni: ranar wuni in kaɗa mata waƙoƙin babanta. Na ce mata to. Yaya, ina tsoron ba zan iya cika wannan alkawari ba.

Ka tuna kaset ɗin nan da wani turis, cikin masu yawon buɗe ido, ya ba ka lokacin da kake raka su Dabaga? Rana ta cinye rubutun jikinsa, ba mu taɓa sanin sunan masu kiɗan ba. Mun dai san Turawa ne na zamanin da, masu gita mai ƙara. Kai ka raɗa wa waƙoƙin suna. Akwai Mai Nishi, akwai Tafiyar Raƙumi, sai wadda ka fi so, Kukan Tsoho, wadda gitar ke yin shiru a tsakiya kamar mai haɗiye hawaye.

Radiyonmu kuwa sai a hankali. Sabon pil, wato batir, ba mu san shi ba, sai wanda masu shago suka zubar. Mu shanya shi a rana bisa katanga, mu ɗan gartsa masa haƙori, mu mayar. Juya kaset da bik na rubutu muke yi, don kada ƙarfin ya ƙare. A haka ka koye su, kunnenka manne da radiyo, kana sassauta tsirkiya har ta dace da muryar mutumin. Kana cewa, "Sidi, saurara, wannan bawan Allah ya san rashi."

Da turis suka daina zuwa, kiɗan biki ya kasa riƙe gida, ka hau kamiyo, babbar motar kaya, zuwa wajen haƙar zinariya can bayan Dirku. Gitar ka bar min, kaset ɗin ka tafi da shi a aljihu. Rami ya rufta, aka binne ka a can. Ko kabarinka ban gani ba.

To, a watan jiya Tima ta ce in kaɗa Kukan Tsoho, ta kanga telefon ɗinta, wai akwai abin da ke gane waƙa. Bai gane ba. Sai angon nata ya yi ta laluben tsofaffin waƙoƙin Turawa har ya samo su. Suka zo min da murna, suka kunna.

Wayyo Yaya! Ashe ba tsoho ba ne. Yaro ne mai siririyar murya, yana ihu, ganga na gudu kamar an koro ta. Tafiyar Raƙumin taka sukuwa ce. Angon ya ce Mai Nishi ma waƙar rawa ce, ta samari masu neman 'yanmata. Duk nauyin nan da muke ji, duk baƙin cikin, mataccen pil ne ke jan kaset a hankali. Na yi dariya har na riƙe ciki, sannan na shiga ɗaki na yi kuka.

Ba kunya na ji ba, wallahi. Taka ta fi tasu, ko a gabansu zan faɗa. Abin da ya dame ni shi ne tasu ta shige min kunne ta ƙi fita. In na ɗauki gita na fara a hankali yadda ka koya min, kafin in kai tsakiya yatsuna sun ruga. In tsaya, in sake, su sake rugawa. Babu inda aka ɗauki kiɗanka, Yaya. A hannuna kaɗai ya rage, ga shi hannun yana sakin sa.

Shekaranjiya da la'asar ina ta wannan fama a tsakar gida, Inna na gefe tana saƙar tabarma. Ka san Inna da gita, ita ce ke cewa kiɗan marasa aikin yi, ita ce ta taɓa ɓoye maka ita a rumbu. Idonta ya yi rauni yanzu, da lalube take saƙa. Sai na ji ta ce, "Kai Sidi, ina za ka da ita? Alhusaini ba ya sauri."

Ta ci gaba da saƙarta, tana gunjin waƙar ta hanci, a hankali, daidai yadda kake yi. Har shirun nan na tsakiya ta yi, hannunta ya tsaya cak bisa kaba. Ashe duk shekarun da take faɗa, tana saurare.

Yanzu na hana kowa kunna ta telefon a gidan nan. Kullum la'asar ina zama kusa da ita, tana gunji ina bi. Ranar wunin ma na ce a shimfiɗa mata tabarma kusa da ni, ta ce ita ba ta zaman makaɗa, amma za ta zo. Numfashinta ba ya kai ƙarshen waƙa kamar da, Yaya. Ina koyo da iyakar ƙoƙarina.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata maka kabarinka a wannan dajin da babu mai ziyara. Allah Ya sa albarka a auren Tima. Allah Ya ƙara wa Inna kwana da lafiya, Ya bar min ita har hannuna ya zauna.

Ƙaninka mai kewarka,
Sidi