Na Ga Shekaruna a Jadawalin Mutuwa

Hajiya mai fili, ki gafarce ni da na ɗora miki kayana, alhali masu kukan da ya fi nawa suna layi. Ban saba kai ƙara ba, amma wannan ta fi ƙarfina. Ki taimake ni.

Karatuna na allo ne, ina ɗan biya wa matan unguwa a tsakar gida. Autata kuwa lissafi ne abincinta, ko wanke-wanke aka sa ta sai ta ƙirga cokula. Bana jami'a ta ba ta gurbi a fannin da ta ce lissafin haɗurra ne, na masu inshora. Na yi hamdala, a zatona haɗarin mota ake nufi.

Ran nan ina ninke kaya a bakin gado ta shigo da zumuɗi, ta nuna mini wani jadawali a waya: wai cikin mutum dubu masu shekaru kaza, kaza ba za su ga baɗi ba. Na bi layin da yatsa har na iso kan shekaruna. Na ce ai wannan duba ne aka sa wa kwat, ajali sirrin Ubangiji ne. Baki ya riga ni, na ce in ta taka ajin ban yafe mata nonon da ta sha ba.

Da ma ta yi gardama! Sai ta zuba littattafan a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Har aka rufe rajista ba ta je ta yi ba. Tana gaishe ni, tana shara, cokula kuma an daina ƙirgawa. Na tambayi malamai biyu, ɗaya ya ce inshora caca ce, ɗaya ya ce akwai ta taimakekeniya da shari'a ta yarda da ita. In na janye, ina tsoron na sayar da lahira. In na dage, ina kallon yarinyar tana dusashewa. Don Allah ki amsa mini da wuri.

Uwa mai tsoron haƙƙi

AMSA

'Yar'uwa, tsoronki na imani ne, ban raina shi ba. Amma mai sayar da likkafani ya san yawan bandir ɗin da zai saro a shekara, bai kuma san na wane ne ba, wataƙila har da nasa. Iyakar abin da jadawalin ya sani ke nan. Boka suna yake kamawa. Wannan bai san sunan kowa ba, har naki.

Saɓanin malamai a kan inshora gaskiya ne, ba kuma ni zan yanke ba. Sai dai fannin ba ƙofa ɗaya gare shi ba: akwai kula da haɗurran ma'aikatu, akwai lissafin fansho, akwai takaful, wato inshorar taimakekeniyar da malami na biyun ya ambata. Ku je tare da yarinyar wurin malamin da ya san fiƙihun ciniki, ita ta yi bayani da bakinta.

Ba zan yaudare ki ba: damar bana ta wuce, kuma ba lallai gurbin ya dawo ba, ko zumuɗin. Amma maganar nonon nan kada ta sake kwana, ko da kin tsaya a kan ƙin karatun. Ki kira ta ki janye, ki sa mata albarka. Kwalin kuma ba za ta ciro shi ba. Ke za ki durƙusa ki jawo shi.

Allah Ya sanyaya zukatanku, Ya zaɓa mata mafi alheri.