K, Kihi

Asabar, 3 ga Satumba, 2022
Inna ta ba ni filas ɗin kwamfuta na Yaya Muzammilu, naɗe cikin tsumma kamar laya, tare da littafin da yake rubuta aikinsa. Shekara guda ke nan da kwale-kwalensu ya kife a kogin Kwara, kusa da Lolo. An ciro mutum tara, shi ba a gan shi ba har yau. Laftof ɗinsa ta tafi da shi. Manhajar waya da yake haɗa wa 'ya'yan masunta don koyon baƙaƙe, abin da ya rage nata duk yana cikin ɗan filas ɗin nan. Malam Sambo na ofishin ilimi ya ara mini laftof, wai in ƙarasa ta kafin a dawo hutu. Ni da kwamfutar da na karanta a kwaleji rabinta a kan allo aka zana mana.

Litinin, 5 ga Satumba
Laftof ɗin 'yar gwanjo ce daga Benin, komai nata Faransanci. In yatsana ya je inda ya saba samun A, sai in tarar da Q. Duk akwatin da ta fito mini da shi sai in danna "wi", wato "e", in wuce, Allah ya kyauta.
Littafin Yaya: "Mataki na ɗaya, sauke manhajar da ake gina aikin da ita. Babba ce, ki yi haƙuri." Ki. Ba "ka" ya rubuta ba. Ban taɓa ce masa zan taɓa aikinsa ba, to da wa yake?

Laraba, 7 ga Satumba
Sau uku saukewar tana kusa da ƙarshe wayata ta tsallaka ta kama sabis ɗin Benin, komai ya katse. Kai, wannan gari! Gobe sai Bagudo, can sabis ɗin gida ba ya guduwa.
Inna ta yi miyar kifi. Na ci tuwona da kuka kamar kullum; tun da kogi ya riƙe Yaya ban ƙara sa kifi a baki ba. Ta daina tambayata dalili.

Juma'a, 9 ga Satumba
Ta sauka, na girka. Ta cinye wurin ajiyar laftof ɗin kakaf.

Lahadi, 11 ga Satumba
Mataki na uku shi ne wayar gwaji, wata waya ce da ke fitowa a cikin fuskar laftof don a gwada aiki. Bayan la'asar ta buɗe. Na danna A.
"A. Akuya."
Innalillahi. Muryarsa ce, da 'yar dariyar nan a ƙasa. Inna ta saki ludayi a tsakar gida, ta shigo ba ɗankwali. "Wa na ji? Munawwara, wa na ji?" Muka zauna a tabarma muka bi su ɗaya bayan ɗaya. A F ya ce "fitila" tsaf, sai ka ce ɗan Kano. Da ya zo K harshen ya komo gida: "K. Kihi." Kuma a bayan muryar akwai ruwa, a bakin kogi ya ɗauki wannan, ana jin sa yana bugun jikin jirgi.
Bayan K babu komai. Na danna L, shiru. Tsoro nake ji, wallahi, amma na sake danna K ya fi sau ashirin.

Talata, 13 ga Satumba
Malam Sambo ya zo dubawa. Ya yaba, har idonsa ya kawo ruwa. Sannan ya ce, "Malama, a jarrabawa kifi ake rubutawa. Yaron da ya ji kihi, kihi zai rubuta. Kalma ɗaya ce, ki sake ɗauka da muryarki."
Gaskiyarsa ce, shi ya sa na ji haushinsa. Inna ta ce, "Ku bar mini ɗana ya yi magana yadda na koya mishi."

Alhamis, 15 ga Satumba
Mataki na huɗu, da jan biro: "Kada ki yi aiki a kan filas, ki kwafa tukuna." Na gani. Amma ina wurin kwafar? Sai na yi a kan filas ɗin.
Nufina in ɗauki tawa in ajiye gefe, tasa ta zauna yadda take. Na ɗauka, na sa wa fayil ɗin suna k. Akwati ya fito da Faransanci. Na danna "wi".
Ashe tambayata take ko ta shafe tsohon.
Na nema ko'ina. A zuwa J suna nan. K ɗinsa, da ruwan, babu. Ni na yi, da yatsana. Ban gaya wa Inna ba.

Asabar, 17 ga Satumba
Ban buɗe laftof ba. Na tsaya a bakin kogi da hantsi, ban san me nake jira ba.

Litinin, 19 ga Satumba
An dawo makaranta. Na ɗauki L zuwa Z da safe, don dole. Inna ce ta shigo ta danna K da kanta kafin in tare ta, ta riga ta gane wurin.
"K. Kihi."
Muryata ce. Wallahi kifi na yi niyyar faɗa, na ma rantse shi na faɗa. Inna ta kalli laftof ɗin, ta ce, "Haka kuke faɗinta ku biyu tun kuna ƙanana." Ta fita, ba ta tambaye ni ina tasa ba.
Ban gyara ba. In Malam Sambo ya zo ma yi magana.
Miyar kifi ce yau ma. Romon kawai na taɓa, cokali biyu.