Satin da Kika Daina Jin Warin Daddawa

Zuwa ga Yaya Kulu,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga yayarta, da fatan kin samu shinkafarku ba ta zube a fadama ba saboda kwanakin da kika yi a asibiti. A gaishe da maigidan da sauran mutanen hayin iyaka. Na san ba ki yi boko ba, wayarki kuma ta kira da amsawa ce kawai. Shi ya sa na zaɓi in rubuta miki a nan, inda kowa zai karanta ban da ke.

"Malama, ke nake tambaya. A cikin makonni shida da suka wuce, yarinyar ta yi mura ko zazzaɓi?" Kin tuna likitar yaran nan ta Birnin Kebbi, siririya mai tabarau? Ni ta kalla, domin ni ce mai jaka da agogo, ni na cika takarda da Turanci, sunana ne kuma a gurbin uwa. Na karanci ƙwayoyin cuta a jami'a, kullum ina koya wa 'ya'yan mutanen Bagudo yadda jini ke zagaya jiki, amma ban san ko ɗiyata ta yi mura ba.

Ke kin san dalili, amma bari in faɗa don masu leƙen wasiƙar mutane. Ita ce ɗiyata ta fari. Ranar da na yaye ta, marigayiya Inna ta ce, "Ki ba Kulu ta riƙe. Ke ga karatu gabanki, ita ga ɗaki ba kowa." Na miƙa miki ita fuskata a sake, kamar yadda ake son uwar ɗiyar fari ta yi. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Mata suna yabon alkunyata. Shekara shida ina karɓar yabon nan, ke kina karɓar yarinyar.

Sai ranar kasuwar Lolo da kika tsallako da ita a bayan babur, jikinta kamar garwashi kwana biyar. Mai kemis ya ba ta maganin cizon sauro har sau biyu. Tsofaffin ƙauyenku suka ce ƙyanda ce, a rufe ta a ɗaki, kada ruwa ya taɓa ta. Kika ce musu, "Na san ƙyanda, wagga ba ita ba ce." Idanunta sun yi ja babu kwantsa, leɓɓanta sun tsage, tana riƙe ciki tana amai. Hannunta ya kumbura har sai da aka yanke awarwaron da na aiko mata da Sallah. Na lura naki zoben azurfar da ke wuyanta ba a taɓa shi ba. Irin abin da nake lura da shi ke nan alhali ɗiyata na kwance.

To, da likita ta yi tambayarta, daga ƙasa amsa ta fito, inda kike zaune kan gefen zanenki. "Likita, mun yi mura duk gidan, wata guda da 'yan kwanaki. Ita kwana biyu ta yi ta miƙe. Ni ko sati guda ban ji warin daddawa ba, har maigida ya ce mi as samu miyata."

Likita ta ajiye biro. Ta juya kujerarta ta fuskance ki. Har muka bar asibitin ba ta ƙara juyo da ita ba.

Ta yi mana bayani, wato ta yi miki, ni ina saurare daga gefe. Ta ce da alama korona ce ta ratsa gidanku a matsayin mura, ta wuce. A wasu yara ƙalilan, bayan cutar ta tafi da makonni, garkuwar jiki ba ta jin labarin an gama, sai ta ci gaba da faɗa, ta koma kan jikin da take karewa: fata, hanji, jijiyoyin jini, har zuciya. Ta ce abin da ake buƙata yanzu a lallashi garkuwar ne. Na gyaɗa kai kamar wadda ta riga ta sani. Na sani ɗin, a littafi. Daddawar ce ban sani ba.

Aka sa mata iska a hanci. Aka fara allurar kwantar da kumburi ta jijiya, kafin wani ruwa na musamman ya iso daga Sakkwato, wanda ake tacewa daga jinin mutane masu yawa. Wuni guda yana ɗiga. Ni na karanta duk abin da ke jikin kwalbar, har ƙananan rubutun. Ke kika riƙe hannun da aka huda.

Cikin zafin zazzaɓi ta yi ta magana da Dendi, yaren ƙauyen mijinki. Na tashi da gudu na kira nas, na ce yarinya na sambatu. Kika ce, ba tare da kin kalle ni ba, "Ruwa take so."

A rana ta uku nas ta ce, "Maman yarinya, kira ta mu ga ko za ta amsa." Na sunkuya na ce, "Ke yarinya." Nas ta kalle ni kamar na zo dubiyar 'yar maƙwabta. Kika ce, "Balki," can ƙasa-ƙasa, ta buɗe ido. Na yi hamdala, Allah shaida. A ƙarƙashin hamdalar kuma akwai wani abu mai ɗaci da ban so in ba shi suna ba. Yau na ba shi: kishi ne, Yaya. Kishinki nake yi.

Ranar hoton zuciya ma haka. Na ga zuciyarta a allo tana bugawa, na san sunan kowane ɗaki a cikinta. Ke kika san waƙar da ta sa ta kwanta lamo har aka gama.

Da aka sallame mu, likita ta ce ta riƙa shan ƙaramar ƙwayar asfirin kullum, kada a tsallake ko rana ɗaya, bayan mako shida a dawo a sake duba zuciyar. Nan na samu abin da nake nema. A gaban dangi na ce yarinya ba za ta koma hayi ba, magani yana son wanda ya iya lissafin kwanaki. Na cusa Turanci biyu-uku don maganar ta yi nauyi. Kika ce, "To, ke kinka yi karatu." Kika ɗaure mata kayanta, kika gaya mini ba ta son kuɓewa sai busasshiya, kika tafi girbinki.

Mako uku ke nan tana gidana. Tana durƙusawa ta gaishe ni. Tana ce mini Anti. In na ba ta abinci sai ta ce ta gode, kamar baƙuwar da ba ta son a ga ta daɗe.

Jiya da hantsi na same ta a bayan ɗaki tana kwance ƙulli a jikin wani zare da ke ɗaure a zanenta. Ta ce, tana nufin ke, "Inna ta ƙulla mini. Kullum in na sha magani in kwance ɗaya. In sun ƙare za ta zo." Na ƙirga waɗanda suka rage, na haɗa da kwanakin da suka wuce. Ƙulli arba'in da biyu kika yi, daidai kwanakin likita. Ni da ƙararrawar waya sau biyu na manta, ranakun jarrabawar makaranta. Duka biyun ita ta zo ta tsaya a bakin ƙofata da kofin ruwa.

Don haka yau, kasuwar Lolo, zan kawo miki ita. Kada ki ɗauka na huce. Na so a ce kin yi kuskure ko guda ɗaya, na nema ban samu ba. Sharaɗina biyu ne. Ranar da ƙulli ya ƙare, ni zan zo in kai ta hoton zuciya, mu biyu kawai a mota. Sannan ki koya mini yadda ake cewa ruwa da Dendi.

Allah ya ƙara mata lafiya, ya daidaita bugun zuciyarta. Allah ya saka miki da alherin da ba zan iya furtawa a gabanki ba. Ni kuma ya kwantar mini da abin da ke cina, ko da sannu-sannu ne. Allah ya jiƙan Inna, da ta yi rabon nan ba ta tambaye ni ba.

Ta riga ta fita zaure da ƙunshin kayanta tun ɗazu. Na leƙa na ce, "Balkisu, jira ni." Maƙwabciyata ta ɗago kai ta katanga, ta ga wa ya yi wannan rashin kunya. Yarinyar ta juyo, ta ce, "To, Anti."

Bari in ja ƙofa, motar Lolo ta kusa cika.

Ƙanwarki,
Ramatu