Neman Aibi a Bakin Teku

Lahadi, 2 ga Fabrairu, 2025. Greensboro.

Na sayi tikitin Meziko. Nana Aisha ta ce na haukace, na ce shekara talatin muna tare sai yau ta gano?

Maganar Ilham ce. Tana da shekara tara yayana Uwaisu ya rasu ya bar min ita, a gidana ta girma, ni ne waliyyinta. Yanzu ta kawo wanda take so. Rogelio, ɗan Meziko, mai aikin rufin gidaje. Ya musulunta tun kafin su haɗu, wannan kam na tabbatar a masallaci, kuma sallarsa ba ni da ta cewa. Amma mu ba ma ba da 'ya sai an bi sawun mutum har unguwarsu, a ɓoye, an tambayi maƙwabta wane irin gida ne. Da zan auri Nana Aisha, kawunta kwana biyu ya yi yana zagaya Yakasai, har mai shayin bakin layinmu sai da ya sha tambaya. Don Uwaisu yana ƙasa ba zan miƙa 'yarsa kamar goro ba.

Kuma takardun yaron ba su kammala ba, shekara tara rabonsa da ƙasarsu. Ita kuwa a nan Amurka aka haife ta, in ya aure ta ya samu takarda. Abin da ke cina ke nan, tunda ba mai karanta wannan.

Na yi alkawarin ba su amsa kafin azumi. Sunan unguwarsu cikin hira na zare shi daga bakinsa, bai san dalili ba. Ilham kuwa na ce mata hutu zan tafi. Ta ce, "Baffa, you? Vacation?" Har da riƙe ciki.

Laraba, 5 ga Fabrairu.

Awa goma ina ɗaukar fasinja. Titin Wendover, titin Gate City, filin jirgi, Wendover kuma. Iyakar tafiyar ƙasar da na yi yau daga ƙofa zuwa mota ce. Nana Aisha ta jefa min man zafi a jaka.

Asabar, 8 ga Fabrairu. Puerto Vallarta.

Na baro sanyi da safe, la'asar ta same ni ina gumi. Gari ne da dutse ya tura shi har bakin ruwa, gidajen farare suna hawa kan juna kamar masu leƙen biki. Na buɗe tagar otal na tsaya. Ban san minti nawa na yi ba.

Rana a cikin teku take faɗuwa a nan. Na ba ta baya na yi magariba.

Lahadi, 9 ga Fabrairu.

Na ce yau in koyi garin tukuna, baƙo ko da ido makaho ne.

Akwai wata doguwar hanya a bakin teku da mota ba ta shiga. Ni direba, na yi ta waiwaye ina jiran a yi min hon, ba wanda ya yi. Tsofaffi riƙe da hannun juna, masu hoto, gumakan tagulla jere da ban gane ma'anarsu ba. Kwasa-kwasa na shawagi a saman ruwa, sai ɗaya ya naɗe fiffike ya faɗo kamar an harbe shi, ya fito da kifi. Na kai rabin awa ina kallonsu, mutum mai furfura.

Abin da ya kashe ni shi ne zoɓo. Wata mata da babbar kwalba a bakin hanya, jan ruwa da ƙanƙara. Na kurɓa, wallahi zoɓo ne, citta kawai ya rasa. Kusa da ita alewar tsamiya da barkono, ga masara a kan garwashi. Na tsallaka rabin duniya na zo na tarar da kayan tallan ƙofar makarantarmu.

Titunan cikin gari da duwatsun kogi aka shimfiɗa su, ƙafa sai ta yi tunani kafin ta taka. Wajen azahar gwiwata ta fara ƙorafi, amma wani abu ya kwance a ƙirjina. Na tuna ni da Uwaisu muna takawa daga Yakasai har Sabon Gari don kawai mu kalli kekunan da ba za mu iya saya ba. Yana gaba, ina bin bayansa, ba ya taɓa waiwayowa amma in na gaji ya sani, sai ya rage sauri. Yau har sau biyu na ji kamar yana gabana a kwanar layi.

Sai da na dawo otal na tuna ban zo yawo ba.

Litinin, 10 ga Fabrairu.

Na hau tudu. Unguwar su Rogelio tana bayan otal-otal, an tsallaka wani ɗan kogi ta gadar katako mai lilo. A bishiyar bakin gadar na ga wani ƙaton damo kore kwance a reshe, sarkin haƙuri, bai ko kula ni ba. Daga nan sai matakala, matakala, matakala. Zakaru na cara da rana tsaka, shanya a kan kowane rufi, furanni ja suna zubowa ta katanga. In ka waiwaya, teku na nan a ƙarshen kowane layi.

Na yi yadda ake yi. Ban nemi gidansu ba. Na fara da mai aski, don mai aski ya fi kowa sanin unguwa. Dattijo ne mai gashin baki, yana jin Turanci, ya ce ya taɓa zama a Texas. Muka yi hira mai daɗi, ya yaba hulata. Sai na fito da hoton yaron a waya, wanda aka ɗauka ranar idi, na faɗi sunansa da na gidansu. Na ce daga Amurka nake, ina son sanin wane irin mutum ne.

Murmushin ya ɗauke. Ya daɗe yana kallon hoton, ya ce bai san shi ba.

Mai gasa waina irin tasu ta masara, na nuna mata, wayata ta fassara min. Ta goge hannu a zane ta girgiza kai. Mai kanti ko kallon hoton bai gama ba.

Talata, 11 ga Fabrairu.

Na koma. Yau tun ina hawa matakalar na ga ana janye kujeru daga ƙofar gida. Mutum bakwai na tambaya. Bakwai ɗin ba su san shi ba.

To ni ba yaro ba ne. A Kano in ka tambayi maƙwabci halin mai neman aure ya ce maka "ban san shi sosai ba," ya gama faɗa maka komai. Mutumin kirki tun kafin ka rufe baki ake fara yabonsa. Unguwa guda ta yi shiru a kan yaron da aka haifa a cikinta? Ruwa ba ya tsami banza.

Na sauko bakin teku da yamma. Can nesa wani abu baƙi ya taso daga ruwa, ya fesa, ya juya jela ya nutse, mutane suka yi ta ihu. Irin kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, aka ce wannan watan suke zuwa haihuwa. Na yi tasbihi. Jikina sakayau, kamar an sauke min kaya.

Na kira Nana Aisha na faɗa mata. Ta ce, "To, Alhaji, ka samu abin da ka je nema." Muryarta ban so ta ba. Kuma gaskiya ne daɗi na ji, kuma na ji kunyar daɗin.

Laraba, 12 ga Fabrairu.

Ya Allah. Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Da hantsi ina zaune a benci kusa da gadar lilo ina shafa wa gwiwa man zafi. Sai ga wata mata gajera tana saukowa daga tudu da gudu-gudu, takalmin ɗaki a ƙafarta, gashinta a warwatse. Ta nufo ni kai tsaye. Neman baƙin mutum mai hular zanna a garin nan ba wuya. Ta tsaya a gabana tana magana tana kuka, sunan Rogelio kawai nake tsinta. Mai askin nan ya biyo ta yana haki, almakashi a aljihun rigarsa.

Shi ya fassara. Mahaifiyarsa ce, Doña Amparo. Tana tambaya in faɗa mata gaskiya, ya mutu ne ko an kama shi?

Ashe a nan, in baƙo ya zo daga Amurka da hoton ɗanka yana tambaya gida-gida, ɗayan biyu ne: ko hukuma ce ke farautarsa, ko mugun labari aka kawo. Kwana biyu unguwar ta ɓoye mata zuwana. Yau da safe maganar ta kai kunnenta, ta kira wayarsa sau goma bai ɗauka ba.

Na ce lafiyarsa lau, ranar Juma'a ma na gan shi. Na ce ni baffan yarinyar da yake so ne, al'adarmu ce, bincike na zo. Mai askin ya kalle ni sama da ƙasa. Ya ce, "To me ya hana ka ƙwanƙwasa ƙofa?" Na sunkuyar da kai. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ce masa, amma kai ka ce min ba ka san shi ba. Ya ce, "Ni na yi masa askin farko. Ko shekara za ka yi kana hawa tudun nan, ba wanda zai san shi."

Matar ta zauna a ƙarshen bencin tana share ido, can sai ta fara dariya, kukan bai ma tsaya ba. Ana haka wayarta ta yi ƙara. Shi ne, kiran bidiyo, daga saman rufin wani gida a Summerfield kusa da Greensboro, hular kwano a kansa. Ta juyo min da wayar. Ya zaro ido. "Baffa? Salamu alaikum, sir. Baffa, what... ina kwana?" Duk Hausar da ya iya ke nan, ya zube min ita.

Bayan ya kashe ta yi min tambaya ɗaya. Ta ce a waya kullum cewa yake komai lafiya, ta san halinsa. Ni da nake ganinsa da ido in faɗa mata: yana da mutane a can?

Na buɗe baki. Abin da na gani shi ne Rogelio bayan sallar Juma'a, a tsaye shi kaɗai kusa da wurin ajiye takalma, mu kuma muna ta Hausa a gefe. Da yadda nake miƙa masa kan yatsuna in ya zo gaishe ni. Na ce mata, "Yana da su." Allah ya yafe min.

Alhamis, 13 ga Fabrairu.

Na ci abinci a gidan su Rogelio. Kifi Doña Amparo ta gasa, ta ce ta tambayi ɗanta abin da muke ci da wanda ba ma ci. Ɗaki biyu, tsaf, daga tsakar gida ana hango jiragen ruwa ƙanana kamar ƙwaryar da aka kifar. Hoton Ilham na manne a jikin firij. Wata takwas yana nan, in ji ta.

Da na fito, kujerun duk sun dawo ƙofar gida. Mutanen da ba su san shi ba shekaranjiya, yau kowa na jan hannuna. Wata ta nuna min rufinta, shi ya gyara mata kafin ya tafi. Wancan tsohon shi yake goyo ya sauke shi matakala zuwa asibiti. Mai wainar masara ta ce ya taɓa fasa mata taga da ƙwallo, ta ce in saka wannan ma a binciken.

Doña Amparo ta ba ni ƙullin alewar tsamiya da ta yi da hannunta in kai masa. Ta rako ni har gada, ta tsaya. Na yi nisa na waiwaya, tana nan.

Na bi bakin teku a hankali har ƙarshen hanyar, inda yashi ya fara. Na cire takalmi. Ban yi tunanin komai ba, ko kuma na yi ban riƙe ba.

Lahadi, 16 ga Fabrairu. Greensboro.

Ilham ta kawo min shayi ta ajiye da ƙarfi. "Baffa, you made his mom cry." Na ce na sani. Ta tsaya tana jiran sauran maganar, ban da ita tukuna. Alewar tana cikin jaka.

Juma'a, 21 ga Fabrairu.

Sanyi. Na ajiye mota can ƙarshen fili na taka zuwa masallaci, gwiwar ta saba.

Bayan an idar Rogelio yana wurin da ya saba tsayawa. Na ce ya biyo ni waje, na miƙa masa ƙullin alewar. Ya kwance, ya ga ɗaurin, ya sa ɗaya a baki. Sai ya juya ya dafa motar wani, kafaɗunsa na rawa. Ƙato da shi. Mutane na fitowa, sai na matsa na tsaya tsakaninsa da su, na buɗe babbar rigata kamar ina gyara ta.

Alhaji Boukari, mutumin Damagaram, ba ya gani ya ƙyale. Ya leƙo ya ce, "Alhaji Ma'aruf, lafiya? Wane ne wannan yake kuka?"

Na ce, "Surukina ne. Ku ba shi wuri."

Bakina ne ya faɗa, ni ban shirya ba. Kuma tunda Boukari ne ya ji, kafin in kai titin Gate City labari ya riga ni gida. Na tarar Nana Aisha ta ɗora tukunyar baƙi, Ilham ta kulle kanta a ɗaki wai kunya. Ba wanda ya tambaye ni komai.

Gobe zan koma wurin Boukari. Yaron yana bukatar wanda zai zo ya nema masa auren a hannuna, kuma ba zan bari ya zo shi kaɗai ba.